Kaskon Tattabarun Kaka

Ranar Talata, uku ga wata, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata yarinya ta hau saman bene riƙe da buta. Ciwon gwiwa ya hana kakanta hawa. Shi ya sa ya ɗora mata aikin cika kaskon tattabarunsa bakwai da ruwa.

Da ta kai sama sai ta ga gajimare. Wani kamar raƙumi, wani kamar jirgin ruwa mai tafiya a hankali. Ta ajiye butar, ta kwanta rigingine.

"Anjima na zuba," ta ce.

Jirgin ya tafi da hankalinta nesa. Da uwarta ta ƙwala mata kira, ta sauko a guje, butar a cike.

Laraba ma haka. Alhamis ma haka.

Ranar Juma'a da safe Kaka ya kasa kunne ta taga. Shiru.

"Ke Uwar Mafarki, yau ban ji kukan mutanena ba."

Ta haura da sauri. Kaskon ya bushe ƙamas. Babu tattabara ko ɗaya, sai wani farin gashi da iska ke juyawa. Ta sauko tana hawaye.

"Kaka, mantawa na yi."

"Mantawa? Ashe butar nan da ƙafarta take hawa kullum?"

Ta sunkuyar da kai.

"Zauna nan," in ji shi. "Mai mantuwa, abin ya fita ransa ne. Amma wanda ya tuna da aikinsa, ya dube shi, ya ce 'anjima', wannan sakaci ya yi. Tela ya bar dutsen guga a kan riga ya tafi hira, sakaci ne. Haka mai gadi da ya bar ƙofa a buɗe."

"Za su dawo?"

Kaka ya kalli taga.

"Kakarki ce ta fara kiwon su, Allah ya jiƙanta. Takan ce tattabara ba ta riƙo, amma ba ta zama da ƙishirwa."

Tun daga ranar, kullum ƙarfe huɗu da kwata yarinyar tana wanke kaskon, ta cika shi fal. Babu mai sha, amma ba ta fasa ba. Sai ta gama take ɗaga kai sama.

A rana ta tara, tana kallon jirginta, sai ta ga wasu ɗigo-ɗigo sun fito daga cikinsa. Suka yi ta girma. Sai ƙarar fukafukai.

"Kaka! Kaka! Sun dawo!"

"Ina ji, ba kurma ba ne ni!" ya amsa daga ƙasa.

Ta gane cewa aikin da aka ba ka amana ba a ce masa anjima. A yi shi tukuna, gajimare ba ya ƙarewa.

Cikin tattabarun bakwai, Fara ce kaɗai ba ta dawo ba. Waɗanda suka saura a gidan su ne: Mai Zobe, da Gurguwa, da Baƙin Wuya, da Tagwaye su biyu, da Autar Kaka, da tsoho a bakin taga, da yarinya da butarta.