Dakan Tsakar Rana a Tungar Daji

Shekara goma sha huɗu ke nan ba a yi daka a gidan Inna Hamsatu ba, kuma duk unguwarsu a Anka an san haka. Gero ko dawa, sai dai ta aika inji. In maƙwabta suka fara lugude, sai ta shige ɗaka ta ƙure rediyo.

Wata Laraba da hantsi tana zaune tana tankaɗe, ɗanta Halliru na gefe yana juya wata takarda da ya riga ya haddace. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ce ta sake ɗaukarsa, karo na uku. Sau biyu takardar na mutuwa a hannunsa, domin ko gidansu aka sayar har da ƙyaure, kuɗin karatun ba zai haɗu ba. Gyaran waya yake yi a bakin kasuwa, amma tun yana yaro in jirgi ya gifta sai ya saki abin da ke hannunsa ya bi shi da ido. Abokai na ce masa Kyaftin, rabi so rabi ba'a.

Sai ga sallamar Baffa Maikuɗi, ƙanen mahaifinsa, daga Tungar Daji. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya kwance wani ƙullin tsumma ya ajiye a tabarma. Dutse ne toka-toka, mai ɗan ƙyalli.

Rariya ta suɓuce daga hannun Inna.

"Hid da shi! Maikuɗi, hid da wanga abu daga gidana!"

"Ki saurara dai, Hamsatu. Kahin Yaya shi rasu, buhu shida ya binne ƙarƙashin ɗakinki na can gida. Ni kaɗai na sani. Gadon yaron ga na. In anka daka anka wanke, ba Zariya ba, ko Turai shina zuwa."

"Ɗiya ukku nib ba dutsin ga!" in ji Inna. "Na huɗun kaka biɗa?"

Halliru ya miƙa wa Baffa kwanon ruwa, ya ga hannun dattijon na karkarwa har ruwan na zuba a gaban rigarsa. Ya gani sarai, amma zuciyarsa na kan dutsen.

Yana ɗan shekara goma sha biyu abin ya faru. Maza na kawo dutsen zinari daga rami, mata na dakawa a tsakar gida, a turmin da ake dakan hatsi, yara na rarrafe cikin ƙurar. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Cikin damina ɗaya Inna ta binne Rakiya, da Maharazu, da auta Yalwa. Ma'aikatan lafiya suka zo suka kankare ƙasar gidaje, suka zuba ta a wani babban rami bayan gari. Da mahaifinsa ya rasu, Inna ta kama hannun Halliru ta dawo Anka, ko tsinke ba ta ɗauko ba.

Ba makaranta kaɗai ke cin ransa ba. Akwai Safara'u, ma'aikaciya a wani ƙaramin asibiti a Gummi, wadda shekara huɗu suna tare. Mahaifinta Malam Labbo, dillalin shanu, ya gaji da jira.

"Ni ba ni yi ma ɗiyata dole," ya ce masa, "amma ba ni aje ta don mai kallon sama. In anka kai amfanin gona gida ba ka tahi makarantar ga ba, na janye maganata."

Ranar Juma'a bayan la'asar Halliru ya je Gummi, ya zayyana wa Safara'u komai a zaure, yana ta murna kamar an riga an ba shi jirgin. Ita kuwa fuskarta ta canza.

"A ina za a daka shi?"

"Gidan Baffa, ɗakin ƙurya. Kin san an hana aikin, dole a ɓoye."

"Gidan da ke da ƙananan yara huɗu? Halliru, ka ji bakinka kuwa?"

"Sati biyu kawai! Za a kulle ƙohwa. Safara'u, damata ta ƙarshe ke nan, in na rasa ta na rasa ki!"

Hawaye suka zubo mata. "Ni nike riƙe yaran ga in suna shiɗewa. Ina son ka, Allah shaida. Amma in da ƙurar da ta kashe Yalwa za ka tashi sama, kada ka sauko ƙohwar gidanmu."

Ya tashi ransa a ɓace, ko sallama bai yi ba. Namiji in burinsa ya rufe masa ido, gaskiya ma zagi take zame masa.

Kwana biyu bayan haka, shi da Baffa suka hau babur, suka bi hanyar burji har Tungar Daji. Rana na tsaka suka isa tsohon gidan. Damina ce, ko'ina kore shar, amma tsakar gidan nan ko ciyawa ɗaya ba ta fito ba. Ba kaza, ba ƙadangare, ba ko ƙuda. Gidajen da ke kewaye duk kangaye ne. A gindin bango turmin Inna na tsaye inda ta bar shi, taɓarya jingine a jikinsa, kamar mai dakan ta shiga ɗaki ne shan ruwa.

Suka shiga ɗakin Inna suka fara haƙa. Can sai Halliru ya tsaya.

Dim... dim... dim...

"Baffa, wa ka daka?"

Baffa bai ɗago ba. "Ci gaba da aikinka."

"Ba kowa unguwar ga, Baffa!"

"Na sani. Kullum rana tsaka haka shike. Ana sabawa."

Halliru ya leƙa waje. Turmi na nan shiru, taɓarya ba ta motsa ba. Yana juyowa ciki, sautin ya dawo. Ya fara karanto duk addu'ar da ta zo masa. A nan idonsa ya sauka a bango, daidai gwiwarsa: sawun tafin hannu ne ɗan mitsitsi, ya bushe cikin yaɓe. Ya tuna ranar. Ana yaɓen ɗakin Yalwa ta danna hannunta a ɗanyen laka tana ƙyalƙyata dariya, shi ya ɗauke ta ya wanke mata. Bayan wata biyu shi ya riƙe tabarmar da aka naɗe ta.

Fartanyar Baffa ta daki buhu. Baffa ya durƙusa da rawar jiki zai kwance bakin, ya kasa. Yatsunsa suka yi ta tsalle a kan igiyar, ya gwada sau uku.

"Kama mani, hannun ga ya daina jin magana."

Halliru ya dubi hannun Baffa, ya dubi ɗan hannun da ke bango, sannan ya dubi nasa, wanda yake mafarkin zai riƙe rayukan mutane ɗari a sararin sama. Sai ya ajiye fartanya.

"Ba a daka shi, Baffa. Ba gidanka ba, ba ko'ina ba."

"Ka haukace? Arzikinka na!"

"Tunda nawa na, ni ka cewa inda za shi."

Ya san in ya tafi Baffa zai dawo shi kaɗai, don haka kai tsaye ya wuce wurin mai gari. Washegari ma'aikatan lafiya suka zo da safar hannu da takunkumi, aka kwashe buhunan shida har da turmin da taɓaryar, aka kai ramin bayan gari aka rufe. Baffa na tsaye yana kuka yana tsine masa. Halliru ya zauna a kangon har rana ta karkata, yana saurare. Bai ji komai ba sai iska.

Kaka ta yi, takarda ta mutu a karo na uku. Malam Labbo ya aiko cewa ya janye. "An ba shi dukiya ya binne da hannunai! Wanga ko akuya ba ni ba shi kiwo."

Safara'u ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. "Baba, ba ni saɓa maka. Amma wanda ya binne dukiya don ɗiyan wani su rayu, shi nike so shi zan uban nawa ɗiya. Ka bar ni in jira."

Wata bakwai Malam Labbo ba ya amsa gaisuwarta da kyau. Halliru kuwa ya koma kan wayoyinsa, masu ce masa Kyaftin suka ƙara da dariya. Ya rame, ya yi baƙi, in jirgi ya wuce ma sunkuyar da kai yake yi. Sai dai Inna ta lura ko sau ɗaya bai ce da na sani ba.

Damina na dawowa Safara'u ta kira shi tana haki.

"Halliru, an manna takarda asibitinmu! Wata gidauniya za ta ba yaran garuruwan da dalma ta shahwa sikolashif, karatu kyauta, har da tuƙin jirgi, mutum ɗaya tak! Na cike maka fom, sa hannu kawai ya rage!"

Ya ci jarrabawa, ya ci intabiyu, aka kira su biyar Kaduna gwajin lafiya. Likitar, wata dattijuwa mai suna Dakta Jemimah, ta duba takardarsa ta ɗago.

"Tungar Daji? Duk wanda ya fito can, sai mun auna dalma a jininsa kafin komai. Miƙo hannuwanka."

Ta ɗora farar takarda a bayan kowane hannu, don ta ga ko dalma ta sa su karkarwa. Takardun suka zauna cak. Da sakamakon jini ya fito, ta dube shi ta saman tabarau.

"Uku daga cikinku sun faɗi a nan, sun yi aikin dutse kwanan nan. Kai jininka lafiya lau. Da ka shaƙi ƙurar nan bara, yarona, da ba zan sa maka hannu ba."

Halliru ya fita ya jingina da bango ya fashe da kuka. Ashe abin da ya ɗauka tsani ne, shi ne zai rufe masa sama gaba ɗaya.

Da labari ya zo cewa Halliru aka ba gurbin, Malam Labbo da kansa ya hau mota ya zo Anka. Yana murza hula ya ce, "Na yi gaggawa, Halliru. Ɗiyata ta hi ni gani." Aka sa rana kafin tafiya Zariya. Baffa Maikuɗi ma ya zo, Safara'u ta ja shi asibiti da lallashi aka fara ba shi maganin gubar dalma.

Ku matasa masu manyan buri, ku riƙe wannan: haƙuri ba ya kashe mafarki, amma gajeriyar hanyar da ta bi ta kan lafiyar yaran wasu tana iya kashe shi. Kuma masoyin gaskiya shi ne mai iya ce maka a'a yana kuka.

Ana saura kwana uku biki, Inna ta tafi kasuwa ita kaɗai. Ta dawo da sabon turmi, ta kafa shi a tsakar gida, ta zuba gero. Rana na tsaka. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta ɗaga taɓarya, ta kira sunan Rakiya, da Maharazu, da Yalwa a hankali, ta yi musu addu'a. Sannan ta yi bisimilla ta sauke.