Mutuwar Pandu a Ranar Wankan Shekara

Ana tsakiyar dambatuwa da karan ayaba a filin Makunduchi, ranar Mwaka Kogwa, wato bikin wankan shekara, Pandu Makame ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a kawo mota ya cika. Da aka yaye masa riga, sai ga ƙirjinsa da cikinsa sun yi baƙi-baƙi da ja-ja. Nan take jama'a suka rufar wa Kombo Ussi, wanda suke karawa da shi, da duka. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwato shi, ido ɗaya ya riga ya fashe.

Sufeto Mwanaidi Vuai ta daɗe tsaye a kan gawar a asibiti. 'Yar garin ce, ta san shatin karan ayaba: dogo ne, a gadon baya yake kwanciya. Wannan kuwa kamar hadari ya bazu a ƙarƙashin fata.

"Likita, duka ne?"

"Ba duka ba ne. Ciwon masu nutso ne. Idan mutum ya taso daga ƙasan teku da gaggawa, jininsa kumfa yake yi. Da an kwantar da shi an ba shi iska, wataƙila da ya sha. Gudu da faɗa suka ƙarasa shi."

Duk da haka ta leƙa Kombo inda aka kwantar da shi.

"Kun taɓa samun saɓani?"

"Akuyarsa ta ci mini rogo," in ji shi, yana dafe da ido. "Shi ya sa na neme shi a fili. Ai don haka ake bikin, a daki juna a huce. Ranki ya daɗe, sau biyu na taɓa shi. Tun kafin nan yake tangaɗi, har na ce masa ko giyar Turawa ya soma sha."

Pandu shi ne mai kai baƙi nutso a wani shago da ke Kizimkazi. Mai shagon, Bi Tatu, tana birni wajen jinyar mahaifiyarta tun makon jiya, ma'aikatan asibitin kuma sun shaida. Saura direban jirgin ruwansu, Faki Ame. Sufeto ta same shi yana wanke kayan nutso a bakin rijiya.

"Da safe kun fita?"

"Mun fita, da Baturiya ɗaya. Lafiya muka je, lafiya muka dawo."

"Babu abin da ya faru?"

"Ko kaɗan. 'Yar nan, ranar wankan shekara ce. Iyayenmu ba sa bin kadin abin da ya faru a cikinta."

"Iyayenmu ba su da caji ofis, Baba Faki. Ina kayan Pandu?"

Ya nuna mata. Ta duba tukunyar iska, ta duba tiyo, ta juya agogon da ke nuna yawan iskar da ta rage. Baƙi ne, allurarsa na motsi daidai.

Baturiyar, Ilse, tana masauki tana haɗa jaka. Ba ta ma ji labarin mutuwar ba. Da ta ji, sai ta zauna a ƙasa.

"Bayan mun gama nutso ne direban ya ce ƙugiyar da ke tsayar da jirgi ta maƙale a duwatsu," ta ce. "Ya miƙa wa Pandu wata tukunya, ya sauka shi kaɗai, wurin da zurfi ƙwarai. Can sai muka ga ya ɓullo kamar an harbo shi, yana haki. Ya ce iska ta yanke masa, alhali agogo na nuna a cike take. Na ce a kai shi asibiti. Direban ya yi dariya, ya ce namiji ba ya ƙin fili saboda ciwon kai. Ni kuma ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, wai za a rufe shagon."

"Kin ɗauki hoto?"

Ta ɗauka. Ga Pandu a bakin jirgi yana murmushi, yana shirin sauka ta biyu. Agogon da ke rataye a ƙirjinsa rawaya ne.

Sufeto ta tura wa Bi Tatu hoton, ta kira ta.

"Innalillahi! Wannan ai mataccen agogo ne. Allurarsa ta ƙame a kan cike tun bara. Yana cikin akwatin ƙarfe, a kulle."

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Faki."

Daga nan ta wuce gidan makoki. Matar Pandu ta ja ta bayan ɗaki, ta faɗa mata abin da mijin ya ɓoye wa kowa: ya gane mai jefa bam a duwatsun murjani yana kashe kifi. Ya ce albarkacin gishirin da suka ci tare zai bari a wuce biki, sannan ya kai sunan gaban dattawa. Sunan ne bai faɗa mata ba.

Da la'asar aka bincike jirgin. A ƙarƙashin katakon zama aka sami agogon rawaya, a naɗe cikin tsumma tare da kwalabe biyu na garin bam.

"Bari in faɗa maka yadda aka yi," in ji Sufeto, bayan an zaunar da Faki. "Ka zuba iska kaɗan a tukunya, ka ɗaura mata mataccen agogo. Ƙugiya ba ta maƙale ba, kai ka ce ta maƙale. Ka so ya mutu a ƙasa, a ce tsautsayi ne. Da ya fito da rai, ka san abin da ke cikin jininsa, shekarunka nawa a wannan aiki. Sai ka tura shi fili, don karan wani ya ɗauki laifinka. Ka mayar da agogon kirki, amma ba ka san Baturiya ta yi hoto ba."

Faki ya kalli hannuwansa.

"Ni na koya masa iyo," ya ce. "Na roƙe shi ya rufa mini asiri. Garin nan idan dattawa suka kira sunanka, ko gawarka ba mai ɗauka."

"Ka ga ana dukan Kombo?"

"Na gani."

"Me ka yi?"

Daga baya wani ɗan sanda ya shaida cewa ya ga Faki cikin masu dukan Kombo.

Washegari aka sallami Kombo. Bai nufi gida ba, maƙabarta ya wuce, da bandeji a fuska. Mutanen da suka dake shi jiya suka dare masa hanya, ba wanda ya iya ɗaga kai. Ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makarar Pandu, bai yarda an karɓe shi ba har bakin kabari.