Ki Ba Ni Kabewa, Orisya

"Ki ba ni kabewa, Orisya! Abin da na zo roƙo ke nan."

Orisya ta dire bokitin madara a ƙofar garke. Saurayinta Demyan na tsaye dogare da sanda, rigar soja ta yi masa yawa saboda rama.

"Kabewa? A garin nan wanda aka ƙi ake miƙa wa kabewa. Ni na ce na ƙi ka?"

"Gobe Kawu Miron zai rako ni neman aurenki, tunda an yi alkawari kafin in tafi. In na fasa, ke za a yi wa dariya. Gara ke ki ƙi ni..."

"Kai, amma ka iya tausayi!"

"Ba ki ga ƙafafuna ba, masoyiyata," in ji shi. "Ruwa ya shiga takalmina a ramin tsaro, ya daskare. Da na daina jin zafi har murna na yi. Abokaina suka yi ta goga mini dusar ƙanƙara kamar yadda kakanninmu ke yi, suka kara su a murhu. Garin neman gira aka rasa ido. Likita ya yanke yatsun duka."

Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma ya fi. Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

A ɗaki ta tarar Mama ta riga ta wanke wata ƙatuwar kabewa ta tura ƙarƙashin benci.

"Kada ki kalle ni haka," in ji Mama. "Ubanki ya rasu, ƙannenki ƙanana ne. Wa zai hau tudu ya yanko wa shanu ciyawa? So ba ya cika rumbu, 'yar nan!"

Gaskiya Mama ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi ciwo.

Washegari da hantsi Kawu Miron ya shigo rungume da burodin neman aure, Demyan na ɗingishi a bayansa. Maƙwabta kuwa, da ba a gayyace su ba, sun cika taga. Mama ta turo kabewar da ƙafa har gaban 'yarta.

Orisya ta tsallake ta.

"Zauna, Demyan. Cire takalmin."

"Orisya, don Allah... a gaban mutane?"

"Ka ce ban gani ba. To yau zan gani!"

Da ya ƙi motsi, ta durƙusa ta kwance igiyar da kanta, ta zare safar. Ƙafafun sun gajarce, tabon ɗinki ja wur. Wata tsohuwa a taga ta ja numfashi. Hawaye suka zubo wa Orisya, amma ba ta kau da kai ba. Ta riƙe ƙafafun da hannu biyu, sanyi ƙalau, ta ɗora a cinyarta.

"Wannan ne duka? A kan wannan za ka bar ni?"

Demyan ya rufe fuska yana kuka kamar yaro.

Ta miƙe ta buɗe akwati, ta ciro tawul ɗin amincewa, wanda ta yi wa ado da jan zare duk tsawon zamansa a bakin daga. Ta ɗaura wa Kawu Miron a kafaɗa kamar yadda ake yi wa ɗan rakiyar ango in an amince, ta ja ƙullin sosai.

"Ciyawar fa?" Mama ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ni zan yanka, Mama. Shi ya zauna a gindin tudu yana wasa mini lauje. Hannunsa lafiya lau."

Mama ta daɗe tana kallon ƙafafun nan. Can ta share ido da haɓar zane, ta karɓi burodin daga hannun Kawu Miron, alamar ta yarda.

"Ke kuma kin bar yaro ƙafa a waje, cikin wannan sanyi? Ɗauko masa safar ubanki, mai kaurin nan!"