Likitan da Ke Awo da Ido

Ciwon kunne ne ya kai Ikilima wani asibitin kuɗi a Gashua, sai ga ta ta fito tana huci.

"Kunne na kawo masa, wai in rage ƙiba! Da kunnen nake cin tuwo?"

Wani saurayi da ke zaune a benci ya tuntsire da dariya. Ta watsa masa harara. Shi kuwa Nuraini, ɗan Nguru mai sana'ar bandar kifi, hararar nan ce ta tafi da shi. Ba a jima ba ya san ƙofar gidansu, har ya raɗa mata suna Zumata.

Da magana ta kai gaban manya aka tura su gwajin aure, gwaggonsa Zaituna ta raka su. Tsautsayi ya sake haɗa Ikilima da likitan nan. Jini lafiya, komai lafiya, amma mutumin bai iya kame bakinsa ba. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Da wannan jikin, haihuwa za ta yi wuya."

Gwaggo dama tana da tata 'yar siririyar, Khairat, da take yi wa sha'awar Nuraini. Ta kwashi maganar da zafinta ta kai Nguru har da ƙarin gishiri. Hajiya Rahima, mahaifiyarsa, ta ce a dakata da batun auren.

Ikilima ta ji ciwo matuƙa. Ta ƙaurace wa abinci, ta koma shayin rage ƙiba, har jiri ya fara ɗibarta. Abin haushi, yarinya da lafiyarta tana neman jawo wa kanta cuta saboda maganar wani!

Nuraini ya turo saƙo: "Zumata, an ce ba kya cin abinci. Ni ke na gani na ce ina so, ban ce a rage min komai ba."

Ta karanta, ta zubar da shayin, ta mayar masa: "Masoyi, roƙi Hajiya ta zo ta ji da kunnenta. Ina da tambaya."

Da ƙyar Hajiya ta yarda, ga ta mace mai jiki, ga hanyar Gashua ba daɗi. Nuraini ya rako ta har asibitin. A gaban likitan Ikilima ta gaida shi da ladabi.

"Likita, wane gwaji ka yi min da ya nuna ba zan haihu ba?"

Ya gyara tabarau. "Ai ba sai an gwada ba, gani ya isa."

"To idonka ne ke neman raba ni da aurena."

Da ya yi shiru da ya tsira, amma baki shi ke yanka wuya. Ya juya ga Hajiya yana murmushi. "Mama, ke ma da za ki rage..."

Hajiya ta miƙe tsaye.

"Yaro, a jikin nan da kake gani na haifi tara, ga na bakwai nan a tsaye. Tashi mu tafi, 'yata."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya Nguru, Hajiya da kanta ta ajiye mata kwanon shinkafa da kifi, ta dafa kanta.

"Ci ki ƙoshi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Ikilima ta ci har ta nemi ƙari.