Wayar da Aka Binne a Cikin Gero

Shekarar da aka katse sabis ɗin waya a ƙasar Gobir, duk mai magana a Sabon Birni sai ya hau tudun bayan gari ya ɗaga waya sama, ko Allah zai sa ya kama sabis ɗin Nijar. A kan tudun nan Hadiyya ta fara ganin Hafizullahi.

Ta je ne da 'yar ƙaramar wayar mahaifinta, Malam Na'Allah, don ta ji muryar yayanta Talha, mai aikin gini a Sakkwato, wanda tsoron 'yan bindiga a hanya ya hana shi leƙo gida. Ta ɗaga, ta juya, ta yi ɗage, shiru. Hawaye sun fara taruwa sai ta ji murya a bayanta.

"'Yan mata, ko sama za ki kai hannunga, layin Najeriya ba shi kamawa. Ga tawa, layin Nijar na ciki."

Dogo ne siriri, mai saurin murmushi. Safarar kaya yake a babur, daga Sabon Birni ta Burkusuma zuwa kasuwannin Nijar. Ya miƙa mata wayar ya ja baya, don kada ya ji sirrin gidansu. Wannan ja da bayan shi ya fara shiga ranta.

"Na gode, Mai Sabis," ta ce da ta gama.

"Af, suna ya bi ni ke nan? To ni kuma Bagobirata za ni ce miki."

"Ta wa?"

"Ta Allah tukuna. Sauran muna roƙo."

Kafin sabis ya dawo garin, soyayya ta riga ta kama. Talha ya aiko mata da babbar waya, saƙonni suka fara kai da komo.

"Bagobirata, na iso Burkusuma lafiya. Inna ta ce in gaishe da surukarta, wai ta ƙara zane guda cikin akwatinki."

"Mai Sabis, ka ce mata ina amsawa da kunya. Ka bar bin hanya in rana ta yi sanyi, ka ji?"

Inna Fatsuma, mahaifiyarsa, shi kaɗai gare ta. Ciwon ƙirji ya daɗe yana cin ta, kuma burinta bai wuce ta ga amarya ta shigo gidan ba. Manya suka kai goro, aka karɓa. Sai Malam Na'Allah ya ce yana son ganin yaron shi kaɗai.

Ranar, bayan la'asar, Hadiyya ta kai ruwa zaure, ta koma ta laɓe a bayan ƙofa. Ta ji Baba yana cewa, "An ce wayarka na nuna hoto. Nuna min Talha, na daɗe ban ga huskarshi ba." Ta ji dariyar Baba, wadda ta manta rabon da ta ji ta. "Ji ɗan banza, har ƙiba ya yi!"

Sai wayar ta yi wani ɗan ƙara. Dariyar ta yanke.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Baba. Can kuma, da wata murya da ba ta san shi da ita ba: "Amshi. Tashi ka tahi."

"Baba, wallahi..."

"Na ce ka tahi."

Da ya shigo gida, ko kallon Hadiyya bai yi ba. Mahaifiyarta, Inna Bilki, ya ce wa, "A maida musu goronsu."

"Malam, mi yaronga ya yi?"

"Bakina ba shi iya faɗi. Amma waya ba ta kawo ma mutum abin da bai kira ba."

Kwana da kwanaki Hadiyya tana aika saƙo, babu amsa. Sai rannan saƙonsa ya shigo, dogo.

"Bagobirata, kunya ta hana ni rubutowa. Baba na kallon hoton Talha sai wani hoto ya faɗo bisa, na mace, irin wanda ba a faɗi. An rubuta wai tana kusa tana jirana. Wallahi tallahi ban san ta ba, ban neme ta ba. Sun daɗe suna faɗowa ina gogewa, na ɗauka haka waya take. Na kai ma Marwan mai gyara a Isa, ya ce shafin kallon ƙwallo kyauta ne ya tambaye ni da Turanci ko na amince a riƙa turo min sanarwa, ni kuma na danna. Ya toshe su duka. Amma wa zai toshe abin da Baba ya gani?"

Ta yarda da shi. To, gaskiya dai, akwai ranakun da maganar Baba takan dawo mata, ta ji zuciyarta na rawa, sannan ta ji haushin kanta.

Kawunsa ya zo ba da haƙuri, amma haƙurin me? Baba ya ƙi faɗin laifin, Hafizullahi kuma ba zai iya buɗe baki ya faɗa wa kawunsa irin wannan magana ba. Aka zauna, aka sha ruwa, aka tashi. Mutanen gari kuwa, Allah ya shirye su, ba sa barin shiru ya zauna haka nan. Wasu suka ce ƙwaya yake sha. Wasu suka ce ai saƙon 'yan bindiga Malam ya gani a wayar, yaron infoma ne. Wannan kalma a Sabon Birni kashe mutum take yi. Masu ba shi kaya suka janye, majalisa takan watse in ya iso. Dole ya tattara ya koma Isa, yana dako a kasuwa.

Hadiyya ta rame har awarwaronta yana zamewa. Ɗan ƙanen babanta, Dalhatu, mai shagon atamfa, ya fara zuwa zance da turare da fara'a. Baba bai matsa mata ba, ya ce ta zaɓi kowa ban da wancan. Ita kuwa wancan ɗin kaɗai take so, don haka ta ba Dalhatu haƙuri.

Da ciwon Inna Fatsuma ya yi tsanani, ta aika a kira ta. Hadiyya ta same ta kwance, akwatin lefe a gefen gado an rufe shi da tsohon zane.

"Ɗiyata," tsohuwar ta ce, tana riƙe da hannunta, "shi ya ƙi gaya min, babanki ya ƙi. Ke gaya min don Allah. Mi ɗana ya yi?"

Hadiyya ta buɗe baki. Ta yaya za ta dubi uwar saurayinta ta kwatanta mata wannan hoto?

"Bai yi komi ba, Inna."

"In bai yi komi ba, don mi kowa ke sunkuyar da kai?"

Kafin a yanke gero Inna Fatsuma ta rasu, ba ta samu amsa ba. Ranar Hadiyya ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba, tana ganin kamar da ta daure ta faɗa, da tsohuwar ta tafi da sanyin rai. Saƙon Hafizullahi bayan sadakar bakwai gajere ne.

"Hadiyya, ki yi aurenki. Ni za ni wuce Agadas, ko gaba da nan. Nan ƙasa ba ni da suna, ba ni da uwa."

Ko Bagobirata bai ce ba.

A cikin wannan hali ne ta lura Baba ma ya canza. Tun da damina Talha ya aiko masa da babbar waya, kullum bayan azahar sai ya zauna a kan buzu suna gaisawa fuska da fuska. Kwatsam ya daina. Talha ya yi ta kiranta yana tambaya ko lafiya, wayar Baba a kashe. Malam ya ce ta lalace. Ya rage cin abinci, ya daɗe a sujada, kuma shi da ba ya barin sahun gaba a masallaci, aka fara ganinsa a baya.

Wata safiya ta zura hannu cikin buhun gero za ta ɗebo na fura, sai ta taɓa wani abu mai santsi can ƙasa. Wayar Baba ce, an naɗe ta a leda. Ta sa mata caji a ɗakinta, ta kunna. Ba a jima ba ta yi ɗan ƙaran nan, wanda ta ji daga bayan ƙofar zaure. Ta duba, ta kife wayar da sauri.

Allah sarki Baba. Shi da bakinsa ya ce waya ba ta kawo abin da ba a kira ba, ga shi ta kawo masa, bai san wa zai gaya wa ba. Ta ɗauki tata wayar ta rubuta wa Hafizullahi.

"Mai Sabis, kada ka tahi tukuna. Ciwon wayarka ya kama ta Baba. Koya min."

Amsar ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Subhanallah. Buɗe manhajar shiga intanet, ki shiga saiti, ki nemi wurin sanarwa. Za ki ga sunayen shafukan da anka ba izini. Duk wanda ba ki sani ba, toshe shi. Sannan ki duba manhajojin wayar duka, in kin ga wata marar suna ko wadda ba shi ya sa ba, cire ta. In wani shafi ya sake tambaya, a danna ƙi. Kada ki bari shi san kin gani, dattijo ne."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta sa ta hawaye. Ta bi a hankali, ta samu shafin: na rajistar tallafin taki ne na ƙarya, irin wanda ake turawa a zauren manoma na waya. Ta toshe shi da 'yan uwansa, ta cire wata manhajar tocila da ta maƙale a ciki. Sai ta buɗe hoton Talha, ta ɗora wayar a kan buzun Baba.

Da ya dawo daga masallaci ya tsaya a kan wayar, bai taɓa ba. Ya daɗe yana jira ko wani hoto zai faɗo. Fuskar Talha ce kawai, tana murmushi.

"Wa ya koya miki?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Wanda kunka kora, Baba. Taki kunka nema, shi kuma ƙwallo. Kowa tambaya anka yi mai da Turanci ya danna."

Malam Na'Allah ya zauna a ƙasa, ba a kan buzun ba. "Fatsuma," kawai ya ce, ya rufe fuska da hannun riga.

Washegari ya hau motar Isa, a hanyar da ya shekara yana hana kowa bi. Ya dawo da yamma a bayan babur, Hafizullahi na tuƙi.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Kafin a shafa fatiha Malam ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi abin da ya gani a wayar yaron, da abin da ya gani a tasa, bai rage komai ba. An ce dattawa da yawa sun sunkuyar da kai, wasu kuma daga baya suka riƙa kiran ango gefe suna zaro waya daga aljihu.

Da aka kai amarya, akwatin na nan inda yake, a gefen gadon da babu kowa. Hafizullahi ya durƙusa ya buɗe. Zannuwan suna jere, kowanne da ninkin hannun Inna.

"Bagobirata," ya ce, "yau duk gari sun ji. Ita kaɗai ba ta ji ba."

Hadiyya ta zaro zanen da ke sama ta yafa, ta durƙusa kusa da shi, ta dubi gadon.

"Inna, kin tambaye ni ban iya ba ki amsa ba. Ɗanki bai yi komi ba. Ga ni na shigo."

Daga tsakar gida muryar Inna Bilki ta taso tana sallamar 'yan rakiya: Allah shi jiƙan mai gidanga, Allah shi sa albarka, shi ba su zaman lafiya da zuri'a tagari. Su biyun suka ce amin, hannunsa a cikin nata, suna kuka.