Ƙararrawar Varghild

Da hantsi aka kira Sufeto Torunn Hegstad zuwa tashar jiragen ruwa ta Tromsø, aka ce an sace ƙararrawar wani jirgi mai suna Varghild. Ta so ta yi dariya, amma da ta ɗaga kai ta ga jirgin, dariyar ta koma ciki.

Shekararsa saba'in a ruwa. An ƙera shi don ceto mafarautan da ƙanƙara ta rutsa da su, har yau goshinsa cike yake da tabo. Yanzu fasinja arba'in yake kaiwa kallon ƙarshen duniya. Torunn ta ratsa ɗakin karatu mai ƙamshin tsohon katako, da ɗakin wankan tururi, da falon gilashi inda duwatsu ke leƙo mutum ta ko'ina. Ta ji kamar ta cire takalmi.

Kyaftin Eilif Brekke ya ce ma'aikata sun rantse ba za su tashi babu ƙararrawa ba. A al'ada kuku ne ke goge ta, don haka idan ba ta fito kafin ƙarfe sha biyu ba, kuku Asbjørn zai tattara tukwanensa, bayan shekara talatin yana aiki.

Ta duba maratayar ƙararrawar. An kwance notuna huɗu, an shafe su da koren giris, an jera a kan tsumma. Ɓarawo mai ladabi ke nan.

Asbjørn ya ce bai ga kowa ba, yana kasuwar kifi.

"Allon rubuta masu fita ya nuna ba ka sauka daga jirgi ba," in ji ta.

"To allon ya dafa muku abinci, tunda ya fi ni gaskiya."

Tsohon yana rufa wa wani asiri ne, ko da aikinsa zai tafi.

A ɗakin karatu ta buɗe kundin jirgin. Nan ta ga cewa a da, idan aka haifa wa ma'aikaci jariri, akan juya ƙararrawar bakinta sama a zuba ruwa a yi masa baftisma, wankan tsarki na Kirista, sannan a sassaƙa sunansa a cikinta. Da ta tambaye shi, Kyaftin ya amsa cewa kamfani zai kankare ta ciki da waje a wannan kakar, a buga sabon tambari.

Ta gangara ɗakin inji, inda ake aiki da giris. Babban injiniya Halvard Myklebust ya ce tun asuba bai hau sama ba. Gwangwanin koren giris na gefensa a buɗe.

"Baba Halvard, wane ɓarawo ne zai tsaya shafa wa noti mai?"

Ya goge hannunsa.

"Iskar gishiri tana cin ƙarfe, 'yata. Ban iya barinsu a bushe ba."

Ya kai ta makwancinsa, ya yaye bargo, sai ga ƙararrawar tagullar. Torunn ta durƙusa ta leƙa cikin tagullar. Sunaye sha ɗaya, kowanne da rubutun hannu daban.

Ya ɗora yatsa a kan na ƙarshe. "Ingunn, 'yar cikina. Teku ta ɗauke ta tana da shekara ashirin, ba mu sami gawa ba. Ba ta da kabari sai wannan."

Torunn ta ji tausayi ya cika ta, amma aiki aiki ne. Ta ce su je ofis ya ba da bayani. Ankwa kuwa ba ta fito daga aljihunta ba.

Kyaftin ya ba Asbjørn haƙuri. Kukun ko kallonsa bai yi ba. Ya rungumi ƙararrawar ya mayar da ita mazauninta, ya ɗaure notunan da hannunsa.

"Wanda zai kankare ta, ya fara da ni," ya ce.

Halvard na sauka daga tsanin jirgin, Torunn a bayansa, sai tagullar ta yi amo a hannun Asbjørn. Sau takwas, kamar yadda ake kaɗa wa ma'aikacin jirgi da ya gama aikinsa. Tsohon ya tsaya cak, ya cire hula. Torunn ta jira shi har sautin ya ƙare a kan ruwa.