Ɗaya Bakin Zanin

Duk wanda ya rarraba ɗaliban shirin koyon sana'a na masu nakasa a otal ɗin nan bai yi dogon tunani ba. Mutum biyu ya tura ɗakin wanki, wajen ninkin zannuwan gado: budurwa makauniya da saurayi kurma.

Saurayin, da ake kira Dogo, shi ya fara isa. Yana tsaye ya ga ta shigo tana share hanya da farar sandarta. Sandar ta bugi kwandon wanki, sai ta ɗan rusuna ta ba kwandon haƙuri, ta kuma kama yi wa kanta dariya. Bai ji dariyar ba, amma ya ga yadda kumatunta suka lotsa, kuma daga nan idonsa bai sake komawa kan injinan ba.

Anti, shugabar ɗakin wankin, ta dube su ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ke ba kya ganinsa, shi ba ya jin ki. To ni ta ina zan fara?"

"Fara da zanin, Anti," in ji budurwar. Auta ake ce mata a gida, sunan kuma ya biyo ta har nan. "Ki ba ni baki ɗaya, ki ba shi ɗaya. In mun ɓata sai ki raba mu."

Sun ɓata kuwa. Ta yi dama ya yi hagu, zani ya murɗe kamar igiya. Amma kafin mako ya ƙare sun ƙirƙiro yarensu. Ja ɗaya, matso. Ja biyu, tsaya, akwai matsala. Shi ke hango tabo ya ja. Ita kuma yatsunta ke gano yagewa ko sauran danshi, kunnenta ke jin injin busarwa ya gama, ta ja ta nuna masa da haɓa. In zanin ya kama rawa a hannunsa, ya san dariya take yi.

Wayarta tana karanta mata saƙo, in ta yi magana kuma ta rubuta. Abin haushin shi ne muryar wayar ta wata mata ce marar fara'a, irin masu sanarwa a tashar jirgi. A cikin wannan murya Auta ta fara jin kalaman Dogo.

"Yau kin saka mayafi ruwan toka. Ban taɓa sanin ruwan toka yana da kyau ba."

Ta mayar masa: "Ni ban san ruwan toka ba, amma na san ka canza sabulu. Na jiya ya fi."

"Gobe zan koma na jiya, Kunnena."

"Allah ya kai mu, Idona."

Akwai wani ja na daban da ya shigo daga baya, a hankali kuma dogo, wanda ba ya nufin matso, ba ya nufin tsaya. Dogo ne ya fara yin sa. Auta kuwa ta mayar masa da irinsa. Anti ta ga komai, ta yi kamar tana ƙirga tawul.

Asiri ya tonu ne a kan tabarmar cin abinci. Auta ta manta ba ta saka abin kunne ba, sai matar cikin waya ta sanar wa gida gaba ɗaya: "Kunnena, na ci abinci amma ban ƙoshi ba, don babu kowa a ɗaya bakin zanin."

Mama ta ƙware. Baba ya ajiye cokali.

Baba tsohon tela ne, kuma tun Auta tana ƙarama gefen rigarsa take riƙewa in za su fita. Duk rigunansa sun ɗan saki ta gefen dama saboda hannunta. Da kawun Dogo ya zo neman izini, Baba ya karɓe shi da mutunci, ya kuma sallame shi da mutunci.

"Ba ƙin yaron nake ba," ya ce wa Auta bayan baƙo ya tafi. "An ce yana da hankali. Amma in kika zame a banɗaki kika yi ta kira, wa zai ji? Yana iya zama a falo yana shan shayi ke kina kwance a ƙasa. Ni ba dawwama zan yi ba, Auta. Ina so in rufe ido na san kina hannun wanda zai ji ki."

Da dare ta aika wa Dogo duk abin da Baba ya ce. Maganar tana da ciwo saboda akwai gaskiya a cikinta.

A daidai wannan lokaci direban motar otal ya ɓullo. Lafiyayye ne, ido biyu, kunne biyu, baki kuwa kamar guda uku. Ya bi ma'aikata yana faɗa musu cewa shi zai auri makauniyar nan ko don lada. Wata rana da aka yi ruwa ya rage mata hanya, Dogo yana tsaye a ƙofa ya ga ta shiga gaban mota, ya ga direban yana magana tana amsawa, ba waya, ba jira.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Auta zani take tambaya. Washegari ta ji ya yi sanyi a hannunta, babu rawa, babu dogon ja. Da ta dawo bayan hutun ƙarshen mako sai ta ji wani hannu daban a ɗaya bakin. Dogo ya roƙi Anti ta mayar da shi wajen guga.

Saƙonsa ya shigo da rana: "Babanki yana da gaskiya. Direba yana jin ki. Ba na so son da nake miki ya zama abin da zai cuce ki. Ki yafe mini."

Kurma in ya daina rubutu, a wajen makauniya ya ɓace daga duniya ke nan. Auta ta yi kuka a bayan injin busarwa, inda ƙara ke rufe komai. Da ta gama ta share fuska, ta ɗauki zani ɗaya, ta bi ƙamshin tsohon sabulun nan har teburin guga. Ta jefa masa baki ɗaya. Da ta ji ya kama, ta ja sau biyu, da ƙarfin da ya kusa tuntsurar da shi.

A gabansa ta yi wa wayar magana, ta miƙa masa ya karanta.

"Direba lada yake nema, ni kuwa ba rijiyar sadaka ba ce. Baba tambaya ya yi, kai kuma maimakon ka nemo amsa sai ka gudu wajen guga. Ni ce ba na gani, amma kai ne ka ɓata hanya."

Ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ta ji jan ya zo, a hankali, dogo.

A gida kuma Mama ce ta ɗauki nata yaƙin. Ta kwaso shanya da yamma ta miƙa wa Baba bakin zani.

"Malam, kama mini."

Ya yi dama ta yi hagu. Ta ce ya juya, ya juya inda ba nan ba. Ya ce ita ce ba ta saurara, ta ce shi ne ba ya kallo. Zani ya faɗi a ƙasa.

"To ka gani," in ji Mama tana kaɗe shi. "Ido huɗu, kunne huɗu, shekaru ba iyaka, zani ɗaya ya gagare mu. Yaran nan tuli suke ninkewa kullum ba wanda ya ji kansu. Ka je ka gani da idonka mana, gani ya kori ji."

Ranar kammala horo aka gayyaci iyaye. Baba ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin wanki, hannu a baya, ya ga 'yarsa da dogon yaron suna matsowa suna ja da baya, zani yana ƙanƙancewa a tsakaninsu, hannu bai taɓa hannu ba. Ya ɗauki guda ɗaya ya duba da idon tela. Kusurwa ta hau kusurwa daidai. Anti ta sanar cewa otal ya ɗauke su aiki su biyun, ta ce raba su asara ce.

"Aiki ya yi kyau," in ji Baba. "Amma gida ba ɗakin wanki ba ne."

Auta ta maimaita wa wayar, Dogo ya karanta. Ya rusuna, ya rubuta, wayar ta karanta wa Baba: "Baba, ina roƙon ka zo ka ga inda nake zaune."

Baba da Auta suka je. Ɗaki biyu ne da ɗan kicin. Dogo ya bi bango da farar igiya daidai tsayin ƙugu, daga ƙofa zuwa kicin, zuwa ɗaki, zuwa banɗaki, inda ya sauko da ita har kusa da ƙasa, yadda ko wanda ya faɗi zai kai hannu. Baba ya shiga banɗakin shi kaɗai, ya tura ƙofa. Da ƙyar ya durƙusa saboda gwiwa, ya ja igiyar.

Jar fitila ta kama walƙiya a kowane ɗaki. Kafin Baba ya saki igiyar ƙofa ta buɗe, ga Dogo a kansa yana haki, ya miƙo hannu zai ɗaga shi.

Baba ya kama hannun. Bai yi saurin sakinsa ba.

"Ki gaya masa," ya ce wa Auta, "ƙullin da ya yi a kusurwar can bai yi ƙarfi ba. Zan zo da zarena in gyara. Kuma ya turo kawun nasa."

Ranar da aka kai amarya, Baba da kansa ya taka da ita, tana riƙe da gefen rigarsa kamar kullum. A bakin ƙofa ya tsaya. Ya zare yatsunta daga rigar ɗaya bayan ɗaya, ya kama bakin mayafinta ya saka a hannun Dogo, ya rufe hannun da nasa.

"Ga ta nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa kada ɗayanku ya saki."

Dogo bai ji addu'ar ba, amma ya ga hawayen tsohon. Mama da Anti suka amsa da amin, suna share nasu.

Auta ta kama mayafin daga nata ɓangaren ta ja sau ɗaya, Dogo kuwa ya matso.